Ba Motar da Ke Tahowa daga Gusau

Da safe muka hau bas daga Tsafe zuwa Gusau, ni da ƙawata Ma'u, 'yata Delu tana barci a cinyata. Jarrabawar nahawun Turanci gare mu a kwaleji. Bara na faɗi darasin. In na sake faɗi, kora ce.

Ma'u ta buɗe littafi. "To, uwar Delu, ganga dogarau, yankin jumlar nan da ba ya tsayuwa shi kaɗai, wane aiki yake yi?"

"Aikin suna, ko na sifa."

"Saura ɗaya, daƙiƙiya."

"Bayanau, mai faɗin yaushe ko don me."

"In ya zauna a mazaunin suna fa?"

Direba, Malam Mas'udu, ya kashe rediyo. Ya rage gudu yana leƙen ɗaya hannun titi.

"Tun da muka taso, wa ya ga mota ta taho daga Gusau?" in ji shi.

Ba wanda ya gani. Kowa a hanyar nan ya san ma'anar hakan: akwai abin da ya tsare motocin a gaba, galibi 'yan bindiga.

Ya tsaya a wani ƙauye. Teburin mai shayi na nan, butar na tafasa, ba kowa. Awaki kaɗai ke yawo.

"Ƙila tirela ce ta faɗi," in ji wani Alhaji. "Mu tafi, Malam, mai rabon ganin baɗi sai ya gani."

Direba ya tayar da mota. Na goya Delu, na tamke zane.

"Buɗe mini ƙofa," na ce wa direba.

Ma'u ta riƙe hijabina. "Husna, kin haukace? Kin iya abin nan yanzu, wallahi kin iya! Shekararki za ki zubar?"

"Da ni kaɗai ce, da na zauna."

Na sauka. Bas ta wuce, Ma'u na ɗaga mini littafi ta taga. Na kama hanyar Tsafe a ƙasa, ina bin gefen gonaki, har wani mai babur ya ɗauke mu.

Yanzu azahar ta wuce. Delu ta sha nono, tana wasa da tsintsiya. Na kira Ma'u, na sake kira, wayarta a kashe. A ɗakin jarrabawa ma ana sa a kashe waya. Abin da nake ta gaya wa kaina ke nan.