Layin da Ya Juya wa Tafki Baya

Tun ranar da Auta ya ce zai kwashe iyalinsa ya koma babban birni, Innar Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa. Ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har butar ta ƙone. In ta shiga ɗaki zafi ya kore ta, in ta fito ta ga akwatunan matar Auta jere a baranda an ɗaure su da igiya, sai ta koma ciki.

Shi Auta magini ne, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Sai dai a layinsu an daina gini. Wanda katangarsa ta tsage sai ya tokare ta da gungume ya ce sai baɗi. Yayyen Auta sun watse tuntuni, ɗakunansu sun zama na ɓeraye da tsofaffin katifu. In shi ma ya tafi da matarsa da 'yar jikar nan mai lashe sukari a ƙarƙashin gado, gidan ya rage daga ita sai agogon bango.

"Inna, aiki ne babu," in ji shi. "Ba gudunki nake yi ba."

"Ni na ce kar ka tafi? Tafi abinka," ta ce, tana goge teburin da ta riga ta goge.

Ana cikin haka sai ga motar ofishin tsara gari da lasifika a ka. Aka ce an yi wa unguwar sabon tsari saboda baƙi masu zuwa yawon buɗe ido. An hana kafa gareji da dogayen benaye a wurin. Za a yi hanyar ƙafa da benci da fitilu. Gidan da ƙofarsa ke kallon hanyar baƙi za a ba shi izinin saukar baƙi da sayar musu da abin sha. Wanda ba haka ba, doguwar katanga za ta rufe shi.

To, layin nan a bakin tafki yake, amma wanda ya bi ta titi ba zai taɓa sani ba. Kakanninsu sun gina gidajen suna kallon titi saboda sauro, kowa ya manna banɗakinsa a katangar baya, ta samanta kuma ake wurga shara. Akwai mai furfura a layin da bai san launin ruwan ba. Saboda haka da aka ce hanyar baƙi, ba wanda ya yi tambaya. Ta ina baƙo ke zuwa in ba ta titi ba?

Sai layi ya ɗauki warin fenti. Uwar 'Yan Biyu, maƙwabciyar Innar Auta ta hannun dama, wadda suka shekara da shekaru suna gaisawa da baki suna hararar juna da ido, ta shafe gaban gidanta da fenti ruwan hoda, har da furannin roba a cikin gwangwani. Mai aski ya yi kore. Innar Auta ta sa Auta ya yi mata shuɗi, tana fatan aikin ya riƙe shi, amma kafin rana ta take ya gama ya wanke hannu.

Ranar da aka ce masu dubawa za su zo, kowa ya ci ado ya zauna a ƙofar gida. Aka jira, aka jira. Innar Auta ta fita ta leƙa titi, ta dawo ta ga Auta yana ɗaure jakar kayan aikinsa, don washegari motar kaya za ta zo. Ta sake fita. Ta sake dawowa. Daga ƙarshe ta shiga banɗaki.

Tana ciki ta ji magana ta bayan katanga. Muryar mace, da dariyar wasu da wani yare da ba ta taɓa ji ba. Duk wanda ya san Innar Auta ya san ba a magana kusa da ita ta wuce ba ta san masu ita ba. Ta kife bokiti, ta dafa famfo, ta hau da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta manna ido a 'yar kafar iska ta sama.

Babu shara. An kwashe tas, an kakkafa turaku da jan ƙyalle a jere. Ga wata budurwa da hular rana riƙe da faffaɗar taswira, ga wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoton fararen tsuntsaye. Bayansu kuma ruwa ne shimfiɗe, rana na wasa a kansa, har ido ya gaji bai kai ƙarshe ba. Rabonta da ganinsa tun tana da ƙuruciya.

"Ke 'yar nan! Ke mai hula! Me kuke nema a nan?"

Mai taswira ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ɗaga kai ta ga ido ɗaya da rabin hanci.

"Sannu Mama. Ƙofofi muke dubawa. Tun daga farkon layi ban ga ko ɗaya ba."

"Wace irin ƙofa a nan? Ƙofofinmu na can titi sun sha fenti. Tun safe muke zaune kamar masu jiran hoto."

"Ayya Mama, ai hanyar baƙin nan za ta bi, ta bakin ruwa. Ruwan suke zuwa gani. Taswirar na manne a ofishinmu."

"Wa zai bar aikinsa ya je ofis kallon zane? Yanzu katangar taku ta nan za ta bi?"

"Ta nan. Masu aikin sun fara daga can ƙasa. Gidan da suka tarar da ƙofa za su tsallake shi."

Innar Auta ta sauko, bokitin ya goce, Allah ya kiyaye. Labarin na cin bakinta kamar barkono. A ce ita ce ta fara ji a duk layin, kuma ta riƙe! Ta kai har bakin ƙofa za ta kira Uwar 'Yan Biyu, ta tuno furannin roba, ta juyo.

"Auta, kwance jakar nan. Ɗauko guduma."

"Inna, na ɗaure kaya."

"Da hannu ka ɗaure, da hannu za ka kwance. Ƙofa za ka fasa mini a banɗaki."

Ya dube ta, ya dubi matarsa. Ta kwashe labari ta faɗa masa, tana yi tana haɗa farko da ƙarshe. Ya girgiza kai.

"Baƙo ya shigo gida ta banɗaki? Mu kuma mu yi wanka a ina? Layin nan dariya za su yi mana har mu mutu. Inna, ki bari."

Ta shiga ɗakin marigayi mijinta, wanda direba ne, ta jawo tsohon ƙarfen cire taya daga bayan ƙofa. Ta shiga banɗaki ta ɗaga shi da hannu biyu ta maka wa katanga. Ta ƙara. Siminti ya zubo mata a ɗankwali. Tsaga ta tashi a karkace, ta nufi sama wajen katakon da ke riƙe da rufi.

Auta ya jure bugu na farko da na biyu. Amma magini ba ya iya tsayawa yana jin ana dukan katanga a inda bai kamata ba.

"Inna! Rufin za ki sauke mana a ka! Ba daga nan ake farawa ba!"

"To daga ina ake farawa? Ni ban iya ba. Ɗana magini ne amma ya ɗaure kaya."

Ya ja tsaki, ya kwance jakar, ya fiddo igiyar awo da alli. Ya tokare rufin, ya ja layi miƙe, ya shiga sara.

Ƙarar ta tara layi. Uwar 'Yan Biyu ce a gaba, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Innar Auta, lafiya? Tafiyar ɗan ce ta taɓa ki har kike rushe banɗaki?"

"Iska nake nema, 'yar'uwa. Ke dai je ki ba furanninki ruwa."

Bulo na farko ya faɗa waje, na biyu ya bi shi. Haske ya shigo, iska mai sanyi ta biyo baya ta kaɗa zanen da ke kan igiya. Mata suka cushe a banɗakin, wata na taka wata, kowa na miƙa wuya. Mai aski ya ce wallahi shi ya ɗauka ruwan baƙi ƙirin ne. Daga waje Mai taswira ta leƙo ta ramin ta gaishe su, ta sake bayanin da ta yi. Uwar 'Yan Biyu ta riƙe haɓa.

"Fentina!" ta ce. Sai ta cafke hannun rigar Auta. "Ɗana, gobe nawa za ka fasa. Ai a hannuna ka girma."

"A hannunki? Ba ke kika bi shi da tsintsiya kan mangwaro ba?" in ji Innar Auta.

Mai aski ya ce shi ya fara magana. Wata ta ce gidanta ne kusa da masu katanga. Aka kaure da hayaniya a kan Auta, shi kuwa ƙura ta rufe masa gira.

"Jama'a, gobe motar kaya za ta zo," ya ce.

Innar Auta ta dubi matar Auta, wadda ke tsaye a bakin ramin da yarinyar a kafaɗa, su biyun sun zuba wa tsuntsaye ido. Sannan ta dubi tarin bulon da ya cike inda ake tsugunawa.

"Shi ke nan, tafi," ta ce a hankali. "Ni na riƙa ɗaukar buta ina bin gidajen mutane."

Auta ya share fuska da gefen riga. Ya daɗe yana kallon ɓarnar.

"Ba zan bar ki ba banɗaki ba. In na gina miki sabo, sai in tafi."

Da farko ta ce a gina shi kusa da kicin. Da aka haƙa tushe ta ce wari zai shiga tukunya. Aka koma gindin mangwaro, ta ce saiwa za ta fasa shi. Kafin ta sake tunani Auta yana gidan Uwar 'Yan Biyu, daga nan gidan mai aski, kuma duk wanda aka fasa wa ƙofa sai an mayar masa da banɗaki wani wuri. Masu katanga suka zo suka yi ta tsallake gidajen layin. Aka fitar da ɓeraye daga ɗakunan yayyen, Auta ya gina wa baƙi nasu banɗakin, wanda Inna ke shiga in ba kowa, amma ta rantse ba nata ba ne.

Akwatunan baranda an kwance su ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Kullum da safe sai ta je ta taɓa igiyar ta ji ko an ƙara ɗaure ta, sannan ta fita sabuwar ƙofa ta ga su wa suka sauka gidan Uwar 'Yan Biyu, ta dawo ta sake taɓa igiyar.

"Inna, yau dai kin yanke inda za a sa shi?" in ji Auta, guduma a kafaɗa.

"Ina tunani. Kada ka matsa mini, banɗaki ba abin gaggawa ba ne."