Ganyen da Tsutsa Ta Ci

"Ba zan bayar ba, Malam."

Ya ɗago kai, ya dube ni ta saman tabarau. Shi ke duba aikinmu na shekarar ƙarshe a sashen zanen atamfa, kuma sai da sa hannunsa aikin ɗalibi ke shiga baje kolin kammala karatu. Wanda nasa bai shiga ba, sai ya maimaita shekara.

"Me kika ce?"

"Na ce ga ƙyallen da na buga nan, a duba shi ciki da waje. Amma takardun launi suna wurina."

Wanda bai san aikin ba zai ce a kan banza nake tayar da jijiyar wuya. Zanen atamfa ba a buga shi lokaci guda. Kowane launi da takardarsa mai shara-shara, daga ita ake fitar da firam ɗin bugawa. Nawa launi huɗu ne, takarda huɗu. Mai ƙyalle ado kawai ya riƙe. Mai takardun kuwa, gobe zai iya buga yadi dubu ba tare da ya ko gaishe ni ba.

Wata bakwai na yi a kansu. Zanen ganyen gwabar bayan gidanmu ne, wanda tsutsa ta cinye ta bar jijiyoyin kamar raga. Kullum da safe ina tsugune a gindin bishiyar ina tsintar ganyen, har Umma ta fara ce mini akuyar gida.

"Ajiya za a yi a ofis, kamar kowace shekara," in ji Malam. "Kowa ya kawo nasa. Ke ce 'yar gwal?"

"A'a, Malam. Ina da wurin ajiya ne."

Ban gaya masa dalilina ba. Shekara guda kafin nan akwai wata da ke gaba da mu, muna ce mata Doguwa. Fiffiken mazari ta zana. Wata rana na zo wucewa da bokitin rini na bangaji gwiwar hannunta, alƙalamin ya zame, layi ɗaya ya karkace a fiffike na uku. Ta yi ta zagina, amma lokaci ya ƙure, haka ta miƙa takardunta ofis. Bayan wata biyar na shiga motar haya, na zauna bayan wata mata mai ɗaurin sabuwar atamfa. Fiffiken mazari. Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Ga karkataccen layin nan, wanda ni na jawo shi. Har na wuce tashar saukata ina kallon ƙeyar matar.

Na kira Doguwa a waya. Ta ce, "Ƙanwata, na karɓi takardar shaidata. Ki bar maganar."

Ban san wa ya fitar da takardunta ba. Mutum uku ke da makullin kabad ɗin ajiyar ofis. Amma Malam ne ke yawan zuwa masaƙar da ke bayan gari, wai nema wa ɗalibai gurbin aiki.

Daga ranar da na ƙi, komai ya sauya kama. Firam ɗina da na wanke na jingine, na dawo na tarar an huda shi da wani abu mai tsini. Wataƙila ƙusa ce a bango. Na shafa bangon ban ji ƙusa ba. Ƙawata da muke tebur ɗaya, wadda ko rinin da nake haɗawa ba ta taɓa tambaya ba, sai ga ta da murmushi: "Ke mutuniyar, wai ina kike ɓoye kayan nan ne? Kar ɓera ya yi miki aika-aika."

"Ɓerayen gidanmu ba su yi boko ba," na ce mata. Ba mu ƙara cin abinci tare ba.

A gida Baba ya zaunar da ni. Direba ne, shekara talatin yana bin umarnin masu mota, bai ga abin wahala a ciki ba.

"Uwata, takarda ce fa. Ki ba shi. Hannun da ya zana wannan zai zana wani."

"Baba, in wani ya ce ka ba shi makullin motarka ya ajiye maka, za ka bayar?"

"Motar ai ba tawa ba ce."

"To wannan nawa ne."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Saura kwana uku baje koli Malam ya sake kirana. Wannan karon har da ba ni kujera. Ya ce aikina ya fi na kowa, ya ce manajan masaƙa zai zo kuma yana neman mai zane guda ɗaya. Ya turo gabana takardar amincewa da aikina wadda ke jiran sa hannunsa, biro a kai, ya miƙo ɗaya hannun a buɗe. Na dubi tafin hannun nan. Na ce masa na gode, na miƙe.

Ranar baje koli na je, na sa kayana mafi kyau, na tsaya a gaban bangon da aka ware mini, fari fat, babu ko ƙusa. Masu wucewa suna kallona, ina kallonsu. Ƙawata ce ta samu aikin masaƙar.

Har yau ba ni da hujjar da zan nuna wa kowa. Yana yiwuwa Malam bai taɓa sayar da zanen kowa ba. Na sha juya wannan a raina. Takarduna huɗu suna nan cikin jaka a saman kabad ɗin Umma, ba wanda ya buga su sai ni.

Abin da suka ci mini kuwa, ga shi: shekara guda ina zaune a aji da ƙannena na makaranta, aikin da na fi kowa cancanta, ƙawa ɗaya, da wata biyu cur Baba bai kira ni uwata ba.