Rarrafen Tsohon Bakanike

Tun ranar da ya zame a banɗaki, Bakanike bai sake jin daɗin gidansa ba. Da hantsi abin ya faru. Ya gama wanka, ya miƙa hannu zai ɗauko tawul, sai ƙafa ta tafi. Bai karye ba, ko targaɗe bai yi ba, tashin ne kawai ya gagara. Gwiwoyin da amosani ya cinye suka ce ba da su ba. Haka ya kwanta a kan siminti mai sanyi yana kallon gindin bokiti har rana ta take, kafin maƙwabcinsa ya ji kira, ya ɓalle ƙofa, ya cicciɓe shi.

Washegari 'yarsa tilo ta iso, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara.

"Baba, na gaji da zullumi. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Ka koma wurina kawai."

Ya san ɗakin da ta tanadar masa, can saman bene, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Nan kuwa ga bencinsa a ƙofar gida inda masu wucewa ke tsayawa su gaishe shi, ga akwatin sifanoninsa da ba ya bari kowa ya taɓa, ga gadon da matarsa ta rasu a kai.

"Uwata, ba inda zan je."

"To, ƙarshen wata zan dawo da akwati. In ka kwanta a ƙasa ka tashi da kanka a gabana, in koma da shi fanko. In ka kasa, ba sauran magana."

Abin da ya kai shi ajin motsa jiki na yoga ke nan, a ƙaramin asibitin unguwa inda yake karɓar maganin sikari da na hawan jini. In an sallami marasa lafiya, sai a ture bencina jikin bango, a shimfiɗa tabarmin roba, a jera kujeru don waɗanda ba sa iya sauka ƙasa. Ɗakin na warin maganin goge daɓe, fanka na juyawa da ƙyar tana kuka. 'Yan ajin kuwa duk an sha jiki: mai asma, mai ciwon baya, mai shanyewar ɓarin jiki, da wata tsohuwar ungozoma da ciwo ya kama ko'ina ya bar mata baki.

Malamar ma'aikaciyar asibitin ce, tun safe take tsaye, muryarta ma ta gaji.

"Ku ja numfashi a hankali. Ku saki. Ku ɗaga hannu iya inda ciwo ya fara, ku tsaya nan."

Bakanike ya riƙa bi yana tsaki a ciki. Wai yau numfashi ma sai an koya masa! Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwance notin da tsatsa ta riƙe, bai san wani tsayawa inda ciwo ya fara ba. A sana'arsu abin da ya ƙi, ƙarfi ake ƙara masa.

Ranar da aka zo darasin tashi daga ƙasa, Malama ta kwanta ta nuna. Ta juya kan gefenta, ta huta. Ta dafa ƙasa ta hau gwiwoyi da hannuwa, ta matsa zuwa kujera, ta kafa ƙafa ɗaya, ta sake hutawa, sannan ta miƙe.

"Malama," in ji Bakanike, "wannan ai rarrafe ne."

"Rarrafe ne, Baba."

"Da furfurata? Haba 'yar nan. Ni a ƙarƙashin mota na tsufa, ba wanda zai koya mini fitowa."

Ya kwanta rigingine yadda ya saba. Ya miƙa hannu sama ya damƙi gefen kujera kamar yadda yake damƙar bambar mota, ya fizga da dukkan ƙarfinsa. Abin da ya manta shi ne mota tana da nauyi. Kujerar roba ta taho gaba ɗaya ta kife masa a ƙirji.

"Innalillahi!" in ji ungozoma. "Malam, motar ce ta faɗo maka? A kawo jak!"

Aka yi dariya, irin ta marasa lafiya, wadda tari ke katsewa. Kunya ta rufe Bakanike. Ya miƙa wa Malama hannu, amma ba ta kama ba. Ta janye kujerar, ta jingina ta da bango, ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. In na ɗaga ka yau, wa zai ɗaga ka a banɗaki?"

Ya daɗe yana kallon fankar nan. Sannan ya juya kan gefensa, yana jin haushin kowa da komai, ya yi rarrafen.

Haka ya yi ta zuwa. Wata rana jiki ya yarda, wata rana gwiwa ta kumbura ya ƙare ajin a kan kujera yana numfashi kawai. Rarrafe a cikin 'yan uwansa masu ciwo ya daina damunsa, don kowa da nasa abin kunyar. Wanda ke hana shi sukuni shi ne na gaban Uwata.

Ƙarshen wata ta zo da akwatin kamar yadda ta faɗa. Ta ajiye shi a bakin ƙofar falo, ta tsaya, idanunta sun faɗa don rashin barci. Bakanike ya dafa bango ya sauka a hankali har ya kwanta a tsakiyar ɗakin. Teburi na nan kusa da kansa, hannunsa har ya ɗaga zai damƙa. Ya janye hannun.

Ya juya gefe, ya huta. Ya dafa ƙasa ya hau gwiwoyinsa, zafi ya harba masa har ƙugu. A wannan falon ne ta koyi rarrafe, tana bin ƙafafunsa in ya dawo daga gareji da baƙin mai a riga. Yau ga shi tana tsaye, shi yana ƙasa. Abin ya yi masa ciwo fiye da gwiwar.

"Baba, ya isa haka," in ji ta. Ta tako za ta kama shi.

"Kar ki taɓa ni, Uwata."

Ya ja jiki zuwa kujerar katako. Ya kafa ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya ja numfashi ya saki kamar yadda Malama ke cewa. Sannan ya miƙe, ya juya, ya zauna, gumi na bin wuyansa.

Ta juya masa baya tana kallon taga, kafaɗunta na motsi. Ta goge fuska. Ta fita ƙofar gida, ta jawo bencinsa mai nauyi da ƙyar, ta shigar da shi banɗaki ta jingina da bango. Ya ji tana jijjiga shi, tana gwada ko zai kife.

Ta dawo ta ɗauki akwatinta fanko.

"Zan kira da yamma. Don Allah ka ɗauka."

Ya so ya raka ta bakin titi kamar kullum, amma ƙafafun sun gama aikinsu na ranar. Daga kan kujerar ya ce Allah ya kiyaye hanya.