Ƙuri'ar Genovaite

Biron ya sake suɓucewa daga hannun Genovaite, ya gangara kan bargo. Karo na uku ke nan. Matan nan biyu da hukumar zaɓe ta aiko da takardar ƙuri'a har gida suka dubi juna.

"Iya, doka ta yarda ki nemi wanda zai cike miki," in ji babbarsu. "Amma ban da mu."

"To ku kira min ɗan Kwaminis ɗin can."

Alfonsas, maƙwabcinta, na tsaye bakin ƙofa da kwandon tuffa. Shekara talatin suna sa-in-sa ta kan shinge, kaji ma sun saba. Shi tsohon direban gonar gwamnati ne a zamanin Sobiyet, har gobe 'yan hagu yake zaɓa. Ita kuwa tana 'yar shekara tara aka loda su a taragon shanu zuwa Saberiya, can ta baro uwarta ƙarƙashin ƙanƙara. Tun ranar da 'yan gwagwarmayar 'yanci suka kafa jam'iyyar masu ra'ayin riƙau take cikinta tsundum. Ƙasa, coci, iyali, a kuma juya wa Mosko baya: karatun da ta cika masa kunne da shi ke nan.

"Ni? Tsohuwa, kin fa san inda nake dangwalawa."

"Na sani, sakarai. Zauna."

Matan suka fita baranda, suka ja ƙofa. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya jira umarni. Idanunta na kan taga, inda ganye ke zubowa a hankali cikin hasken hantsi.

"Dusar ƙanƙara ta fara," ta ce, da muryar yarinya. "Ka ji ƙarar jirgin? Mama ta ce kar mu yi barci. Dubi kogin nan, fari fat, ba shi da ƙarshe."

Ta yi nisa. Ko takardar ba ta gani. Ga sunan jam'iyyarsa nan, layi biyu kacal a sama da tata, kuma ba mai ganinsa. Ya tuna ranar da aka wargaza gonar, aka sayar da motarsa yana kallo. Haushin nan bai taɓa barinsa ba, wallahi har yanzu yana cin sa. Biron ya tsaya a kan sunan jam'iyyarsa.

Sai ya sauke shi layi biyu, ya yi alamar, ya danna sosai yadda ita za ta danna.

"Ka yi?" Ta dawo hayyacinta.

"Na yi. Allah ya isa tsakanina da ke."

Ya miƙa mata ta duba. Ta kawar da kai.

"Liƙe kawai, Alfonsas."

Ya lashi bakin ambulan, ya liƙe.

Ranar Alhamis Genovaite ta cika, saura kwana uku zaɓe. Da matan coci suka zo kwashe shimfiɗa, suka tarar da ɓawon baƙin burodi ƙarƙashin matashinta, ajiyar da ba ta daina ba tun Saberiya. Alfonsas ya karɓa, ya marmashe shi a kan shingen, daidai inda take dafawa in za ta zage shi. Ya tsaya ta ɓangarensa, tsuntsaye na sauka ɗaya bayan ɗaya.