Shuɗi na Maza, Toka na Mata

Goma saura kwata ƙattin da ke ɗaga ƙarfe suke fita daga ɗakin madubi, goma daidai Malama take shiga da ɗalibanta na yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da jan numfashi. Mintuna goma sha biyar ke nan aka ba ɗakin ya huce, kuma bai taɓa hucewa ba. Tagogin gidan motsa jikin a liƙe suke saboda na'urar sanyi, ita kuwa na'urar ba ta san komai ba sai juya warin hammata da na safa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Madubin kansa gumi yake yi.

Tabarmin roba ashirin ne a ɗakin, kowace tabarma fuska biyu gare ta, ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan toka. Manaja ya kafa doka, har ya buga ta a takarda ya manna a bango: shuɗi na maza, toka na mata. Yana ji da dokar nan, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne, in mazan sun gama, jibge tabarmin suke yi a lungu, wata kan wata. Jiƙaƙƙen shuɗin ta ƙasa ya manne da tokar ta sama. Wanki kuwa sai ranar da aka tuna.

Malama ta gane haka tun makonta na farko. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai ta riƙa zuwa da tata tabarmar daga gida, koriya, a naɗe cikin jaka.

A inda ta yi kwas an koya mata cewa malamar yoga ba ta ɓata rai, duk abin da ya zo ta karɓe shi, ta ja numfashi ta sake. Waɗanda suka tsara wannan koyarwa da alama ba su taɓa kifa goshi inda wani ƙato ya gama murza bayansa ba. Amma koyarwar ta amfane ta, don wata bakwai ta yi tana zarya kafin Manaja ya ba ta wannan sa'a, Talata da Alhamis, kuma mai koyar da rawar rage ƙiba na nan tana jira a miƙa mata ita.

Ran nan mata tara suka zo. Ta goman Gwaggo ce, yayar mahaifin Malama, wadda ta goya ta. Malama ce ta matsa mata ta fara zuwa saboda ciwon baya. Da Gwaggo ta juyo wajen fitila, sai ga wani zagaye ja a kumatunta, gefensa ya yi ɓawo. Makero. Malama ta ɗaga ido ta bi sauran ta cikin madubi. Mai shagon ɗinki tana da irinsa a goshi, ta danne shi da hoda. Wata kuma a haɓa.

Duk da haka ta tafa hannu, aka fara.

Aka miƙe, aka karkata, aka zo wurin durƙuso, inda kowa ke zama kan dugaduganta ta kai goshi ƙasa.

"Ku saki kafaɗu," in ji Malama da muryar aikinta mai laushi. "Ku ja iska a hankali, ku cika ƙirji da ita."

"Iskar wa?" Muryar Gwaggo ce ta fito daga ƙasa, a toshe. "Ni dai nan wani ɗan mutum nake shaƙa, kuma bai yi wanka ba."

Mata suka yi dariya fuska a kife. Malama ta ce su zauna a haka, ta fita.

Manaja yana ofis yana girgiza gorar madarar gina jiki, wani kumfa yana dalala ta murfin.

"Ranka ya daɗe, mata uku sun kamu da makero. Tabarmin nan ne."

"Waɗanne tabarmi? Shuɗi na maza..."

"Jibge su ake yi. Shuɗin yana kwana kan tokar."

Ya lashe kumfan daga yatsansa. "Malama, zufa gishiri ce. Gishiri kuwa kashe cuta yake yi, kowa ya san wannan. Shekara nawa maza suna birgima a kai, wa ya mutu?"

"A wanke su kawai. Ko ni a ba ni bokiti."

"Su bushe yaushe? Sha ɗaya da rabi 'yan dambe za su shigo." Ya ajiye gorar. "Ki ji ni da kyau. Kika ɗaga wa kwastomomi hankali, mai rawa za ta fara ran Alhamis. Ke da kike koyar da natsuwa? Je ki ja numfashin naki."

Ta ja kuwa, a bakin ƙofar ɗakin madubi, har sau uku. Abin da ya shiga hancinta ya kusa dawo da karin kumallonta. Mata goma suna nan yadda ta bar su, goshi a ƙasa, suna jiran ta ce su ɗago. Gwaggo ta gaji, ta kwantar da lafiyayyen kumatun a kan robar.

"Ku tashi," in ji Malama. Muryar aikin ta tafi. "Ku zo nan."

Ta kai su lungu, inda sauran tabarmin ke jibge. Ta kama ta sama ta ɗaga. Ba ta so rabuwa da ta ƙasa ba, sai da ta yi wani ƙara kamar ana ɓare filasta. Tsakaninsu danshi ne mai yauƙi, da gashin ƙirji a nannaɗe, da sawun bayan wani tun daga kafaɗa har ƙugu, ya fito sarai a kan tokar.

"Nan kuke sa fuska," ta ce. "Abin da ya fito muku, daga nan ne."

Mai shagon ɗinki ta toshe baki ta ruga bayi. Sauran suka shiga neman takalma, kowa tana goge goshi da gefen riga, sannan ta dubi rigar da ƙyama. Kafin su kai ƙofar waje Manaja ya riga ya ji, don ba a hankali suke magana ba.

Gwaggo ce kaɗai ba ta motsa ba. Tana kallon koriyar tabarmar da ke shimfiɗe a gaba, tsaf, ita kaɗai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun farko, Gwaggo."

"Shi ya sa taki daban."



"Ni na wanke miki kashi shekara biyu," in ji Gwaggo, "ban taɓa jin ƙyamarki ba sai yau." Ta sunkuya da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ta naɗe koriyar ta sa a hammata.

A zaure Manaja yana goge sunan Malama daga allon jadawali da tawul ɗin wuyansa. Malama ta wuce shi ta tsaya a famfo, ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa. Da ta fito Gwaggo tana bakin titi tana jiran mota, ba ta waiwayo ba.

"Bayan nan bai daina ciwo ba," in ji Gwaggo. "Alhamis ki zo gida. Tabarma ɗaya ce, ni zan hau. Ke kya yi a siminti."