Geron Masu Jin Nauyi

Ni na ƙirƙiro dabarar, kuma babu wanda ban gaya wa ba a Birni. A bankin cimaka na unguwarmu, inda manoman Guna da Mirriya ke kawo taimakon hatsi da kaka mu raba in damina ta yi tsakiya, na lura akwai mutanen da ko yunwa za ta kashe su ba za su shiga layi ba. Sai na ce a riƙa auna musu gero a fanteka, a ɗaure da zane, mace ta kai gidan kamar kayan barka daga dangi. Fanta, shugabar matan kwamiti, ita kaɗai ta san gidajen. Ni nawa awo da ɗauri, sai kuma surutu.

Surutu kam Allah ya ba ni. Ni Alkasum baduku ne, amma tun da baƙi suka daina zuwa Damagaram sayen jaka da takalmi, bakina kaɗai ke aiki. Kullum ina bakin mangaza, ɗakin ajiyar hatsin, cikin babbar riga, ina yi wa jama'a wa'azi cewa karɓar taimako ba abin kunya ba ne. A gidana kuwa buhu ya kwanta. Barira matata ta koma dama kunu tsararo, tana ce wa jikokinmu wai tuwo nauyi gare shi da damina. Da ta ce in yi wa kwamiti magana, na yi tsalle na dire. Ni da nake rabawa? Na ce mata wani ɗan kasuwa daga Agadas yana hanya zai kwashe jakunkunana. Babu wani ɗan kasuwa. Ina tsoron kada yaran su kwanta ciwo, amma tsoron idon mutane ya fi ƙarfi.

Ran Alhamis Fanta ta ajiye fanteka a gabana, ta ce ta wani dattijo ce mai iyali, tukunyarsa ta manta kamannin tuwo. Na tambaye ta wane ne, ta ce ai ni na kafa dokar kada a faɗa. Nan fa na buɗe baki. Na ce irin waɗannan tsofaffi su ne ciwon garin nan, kai a sama kamar raƙumi, ciki kuwa fayau. Na ce da zan gan shi da na wanke shi tas. Fanta tana ta gyaɗa kai tana cewa gaskiya ne, Baba. Daɗin an yarda da ni ya kwashe ni, na cika kowace tiya har ta yi tozo, na ƙara gyara saboda yaransa, na ɗaure zanen da ƙullinmu na dukawa, wanda ba ya kwancewa sai ka san kansa.

Bayan la'asar na koma gida. Ga fanteka a tsakar gida, ga Barira a durƙushe tana fama da ƙulli har da haƙori, jikoki sun kewaye ta. Ta ce wata mata ce ta kawo, wai barka daga danginmu na Dakusa. Babu wanda ya haihu a gidan, kuma ko akuya ba mu da ita a Dakusa.

Kallo ɗaya na gane ƙullina. Na yi niyyar cewa a mayar, har na gyara murya. Sai ƙaramar jikata Raliya ta cusa hannu ta gefen zanen, ta damƙo ɗanyen gero ta watsa a baki. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Malam," in ji Barira ba tare da ta ɗago ba, "ƙullin nan ya fi ƙarfina. Ko ka san kansa?"

Na durƙusa da babbar rigata a ƙasa, na ja bakin zanen, ya warware.

Washegari na mayar da fantekar da kaina, a hannu, kowa yana gani. Fanta ta karɓa, ta tambaye ni ko dattijon ya samu saƙonsa. Na ce mata ya samu, har da faɗan.