Kamfanin Mutum Biyar da Ɗaya

Kamfanin Kawu ɗaki ɗaya ne da sito, a saman wani shagon gyaran firiji. Tebura shida, fanka ɗaya mai ƙugi, da butar shayi da kowa ke zargin kowa da barin ta babu ruwa. A nan suke rubuta manhajar da suke sayar wa masu shagon magani, wadda ke tuna musu ranar da kowane magani zai lalace. Su shida ne: Kawu mai kamfanin, Dogo, Mai Tabarau, wasu tagwaye da ko uwarsu sai ta ƙura ido take bambanta su, sai Auta, 'yar yayar Kawu, wadda ta zo bara.

Duk aikinsu a cikin wata manhajar kyauta suke yin sa, wadda suke kira maƙera, don a cikinta ake ƙera komai. Shekara bakwai Kawu yana yabon ta kamar shi ya haife ta. Ko baƙo ya zo sai ya nuna masa ya ce, "Ka ga wannan? Ko sisi." Abin da bai taɓa yi ba shi ne karanta lasisinta. Ranar da ya sauke ta, da ta nuno masa dogon rubutu, ya danna "na yarda" kamar yadda duk ɗan Adam mai hankali yake yi.

Sai wani babban asibiti ya ce yana son manhajarsu. Kawu ya kwana biyu yana murmushi shi kaɗai, har lauyan asibitin ya aiko da takarda yana neman shaidar cewa duk kayan aikinsu suna bisa ƙa'ida. Nan Kawu ya buga lasisin a takarda, shafi talatin da ɗaya, ya tara su ya karanta musu a tsaye. A shafi na tara ya ci karo da sharaɗin. Maƙera kyauta ce ga kamfani, har ya sayar da abin da ya ƙera da ita, muddin masu amfani da ita ba su wuce mutum biyar ba. In sun wuce, sai a sayi ta kuɗi, kuma kuɗin da aka rubuta ko fankar da butar suka sayar suka haɗa da teburan ba zai kai ba.

Kawu ya ƙirga su da yatsa. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko Allah zai sa a samu ragi.

"Tagwayen nan fa," ya ce, "ai haihuwa ɗaya ce."

"Albashi biyu muke karɓa, ranka ya daɗe," in ji ɗayansu, "kuma kada ma a fara."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta san lissafin da kowa ke yi a zuci. Ita ce sabuwa, kuma ita ce 'yar gida. In aka sallami Dogo aka bar ta, za a ce son kai, kuma Kawu ya fi tsoron wannan kalma fiye da wuta. Shekara biyu ta yi tana yawo da takardu kafin ta sami wannan kujera, ba ta kuma son komawa.

Amma Kawu ya kwana da abin, ya tashi da dabara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi kuwa nasa ya kama shi har wuya. Ya ce lasisi ya ce biyar, bai ce waɗanne biyar ba. Saboda haka kowace rana mutum ɗaya zai zama babu. Ya zana jadawali ya manna a ƙofa: Litinin Dogo, Talata Mai Tabarau, Laraba da Alhamis tagwaye, Juma'a Auta. Sunansa bai shiga ba, don a cewarsa jirgi ba ya tafiya babu matuƙi.

Wanda ranar babu ta faɗo kansa zai zo aiki kan lokaci, don albashinsa na tafiya, amma sito zai wuce. Za a kifa kujerarsa a kan tebur, a ɓoye kofin shayinsa. Ba a gaishe shi, ba a kiran sunansa, in ya yi atishawa ba a yi masa addu'a. Haka zai zauna a kan kwali tsakanin matattun kwamfutoci da tsintsiya har a tashi.

Matsalar ita ce aiki bai san da jadawali ba. Ranar Juma'ar farko manhajar ta fara cewa duk maganin duniya ya lalace tun shekarar da ta wuce, kuma Auta ce ta rubuta wannan sashe. Dogo ya yi ta fama har ya gaji, sannan ya juya ya fuskanci bango ya ce da ƙarfi, "Da a ce Auta tana nan, ko ina za ta ce kuskuren yake?"

Daga sito murya ta amsa, "Da tana nan, da ta ce ka duba layi na arba'in da biyu, ka juya wata da rana."

Kawu ya ɗago ya ce wa ya yi magana. Mai Tabarau ta ce fanka ce. Kawu ya yi nazari ya ce to, a lasisin dai bai ga inda aka hana fanka ba. Daga ranar haka aka riƙa aiki, da "da a ce" da "da yana nan", har tagwaye suka fara musayar ranakunsu babu wanda ya gane, wata Laraba ma duka biyun suka shige sito suka yi barci.

Sati uku ana wannan, Kawu ya rubuta wa lauyan asibiti bayanin tsarin, shafi huɗu, har da hoton kujera a kife. Amsar ta zo a layi biyu. Lasisi mutane yake ƙirgawa, ba ranaku ba. A aiko da sunaye biyar zuwa Litinin, kuma na shida kada ya ƙara buɗe maƙera, ko a fasa cinikin.

Akwai abin da Auta ta sani, wanda ta daɗe tana riƙe da shi. Bara, wata rana kwamfutar Kawu ta ƙi tashi, ya ce ta duba. Da ta gyara, maƙera ta buɗe kan fayil ɗaya tak, kuma tarihinsa ya nuna shekara uku ba a adana ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Kullum ƙarfe takwas Kawu yana buɗe shi, ya ɗaure fuska, ya yi ta bugun madannan kwamfuta kamar mai sussuka, da yamma ya goge ya rufe. Da can gwani ne, shi ya rubuta manhajar farko da hannunsa, shi ya fara ɗora yatsun Auta a kan madannai tana 'yar shekara goma sha biyu. Amma maƙera ta yi ta sauyawa shekara bayan shekara, ta wuce ta bar shi, kunya kuma ta hana shi tambayar yaran da ya ɗauka aiki.

Ke nan masu amfani da maƙera biyar ne tun asali. Magana ɗaya za ta yi a gaban kowa, kujerarta ta tsira. Ranar Alhamis sau biyu tana buɗe baki, sai ta dubi furfurarsa da yadda yake gyara zama kafin ya fara bugun banza, ta mayar da maganar ciki. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Juma'a ta shiga sito ta zauna a kan kwalinta, tana tunanin yadda za ta gaya wa mahaifiyarta cewa ƙaninta ya sallame ta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙofa ta buɗe, Kawu ya shigo wai neman takardar firinta. Ya ɗaga wannan, ya ajiye wancan, alhali takardar na gabansa. Can ya tura ƙofa, ya zauna a kan wani kwali, ya fuskanci tsintsiya.

"Tunda babu kowa a nan," ya ce wa tsintsiyar, "bari in faɗi wata magana. Akwai wani mutum da ya yi shekara huɗu bai rubuta komai ba. Ba ya gane abin da yaran nan suke yi. In sun yi dariya a kan wani kuskure, shi ma sai ya yi, bai san me ake wa dariya ba."

Auta ta dubi tsintsiyar ita ma. "Da akwai mutum a ɗakin nan, Kawu, da ya ce ya sani tun bara."

Kawu ya ce wa tsintsiyar, "Bai kuwa faɗa wa kowa ba?"

"Da ya ce wanda ya koya maka riƙe cokali, ba ka ƙirga masa loma."

"Ko da za a kore shi?"

"Da ya ce yana jin tsoron hakan ƙwarai. Kwana uku bai yi barcin kirki ba."

Kawu ya share fuska da tafin hannu, ya ɗauki takardar firinta, ya ce wa tsintsiyar ta huta lafiya, ya fita.

Ranar Litinin suka tarar an cire jadawali daga ƙofa. A madadinsa akwai sunaye biyar, na Auta a ƙarshe. Kujerar Kawu tana kife a kan teburinsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya sanar cewa bayan dogon nazari ya ƙara wa kansa girma, kuma a manyan kamfanoni shugaba ba ya taɓa maƙera, ofishinsa ma daban yake. Ya ɗauki kofinsa ya shige sito. Dogo ya sunkuyar da kai, Mai Tabarau ta cire tabarau tana gogewa, Auta ta gane ashe ba ita kaɗai ta sani ba.

Ƙarfe takwas daidai suka fara jin ƙara daga sito, kaf-kaf-kaf. Kawu ya samo wani tsohon madannai cikin tarkace, wanda wayarsa ke reto ba a jone da komai ba, yana bugawa kamar kullum.

Auta ta saurara har idonta ya ciko. Sannan ta juya ta fuskanci bango ta ɗaga murya. "Da a ce Kawu yana nan, ko me zai ce mu yi da maganin da aka buɗe kwalbarsa? Ranar da ke jikin kwali za mu bi?"

Bugun ya tsaya.

"Da yana nan," in ji muryar daga sito, "da ya ce ba ku san komai ba. Daga ranar buɗewa ake ƙirgawa. Ɗauko takarda ki rubuta."

Ta ɗauko.